Muhawara: Haruffan Didot da Bodoni, na ado ne kawai ko ana iya dogon karatu da su?

Mai Zayyana:
Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwa. Ina neman ra'ayinku a kan haruffan nan da ake kira Didot da Bodoni da danginsu, wato waɗanda sandunansu na tsaye suke da kauri sosai, amma layukansu na kwance da ƙafafunsu (ƙananan layukan da suke ƙarshen sanduna) suke sirara matuƙa. An ba ni aikin tsara wani ɗan littafi na tallata turare, kuma mai aikin ya ga irin waɗannan haruffa a bangon mujallun kwalliya, don haka ya ce su yake so tun daga bango har shafin ƙarshe, har da ƙananan bayanan da za a sa a ƙarƙashin hotuna. A kan bango ba ni da ja, domin sun zauna daidai. Sauran shafukan ne nake shakka. Shin akwai hujja ta sana'a da zan kafa masa, ko kuwa gudun da ake yi wa waɗannan haruffa a dogon rubutu al'ada ce kawai da muka gada ba tare da mun bincika ba?

Mai Gina Shafukan Intanet:
Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Akwai hujja, kuma hujjar ta lissafi ce. Masu zana haruffa sukan raba gurbin kowane harafi gida 1000. Mu ɗauka, alal misali, cewa siririn layin ya ci gida 20 daga ciki. Idan aka sa rubutun a girman fiksel 16 (fiksel shi ne ɗan ɗigon hasken da allo yake haɗa hoto da shi), wanda shi ne girman da manhajojin buɗe shafuka suke bayarwa idan ba a canza ba, to layin nan bai wuce sulusin fiksel guda ba. Allo ba ya iya kunna sulusin fiksel, abin da yake yi shi ne ya shafa ɗan launin toka a wurin, yayin da sandar da ke kusa da shi ta fito baƙa ƙirin. Sakamakon haka ƙaramin e yakan koma kamar c, babban H ya zama sanduna biyu da ba abin da ya haɗa su, kuma n da u su yi ta rikita ido, domin siririn layin da ke sama ko ƙasa shi ne kaɗai ya bambanta su. Shawarata ita ce ka bar su a kanu, ka nemi wani salon don jikin rubutu.

Tsohon Maɗaba'i:
Yarona, lissafinka daidai ne, amma ba a nan gizo yake saƙar ba. Kafin a ɗora laifi a kan salon haruffan, ya kamata a tambaya wane girma aka zana su domin shi.

A zamanin darma babu wani abu wai shi zane ɗaya da ake ƙara wa girma ko a rage. Mai sassaƙa haruffa yakan zauna da guntun ƙarfe ya sassaƙa kowane harafi a ainihin girman da za a buga shi, sannan a daka ƙarfen a kan tagulla, a zuba narkakkiyar darma a gurbin da ya bari. Saboda haka harafin poyin 8 da na poyin 60 (poyin shi ne ma'aunin girman haruffa a maɗaba'a) aiki biyu ne daban, ko da sunansu ɗaya. Idan zai sassaƙa ƙaramin, sai ya ƙara wa siraran layukan kauri, ya buɗe cikin haruffan, ya ɗaga tsayin ƙananan haruffa, ya kuma ba su sarari tsakaninsu. Idan zai sassaƙa babban, a nan ne yake nuna gwaninta, ya fere layin har ya kusa ɓacewa, domin ya san a wannan girman ido zai gan shi.

A shekarar 1885 Linn Boyd Benton ya yi rajistar injin da yake iya sassaƙa girma daban-daban daga zane guda, amma duk da haka manyan kamfanonin zuba haruffa sun ci gaba da yin gyare-gyare gwargwadon girma. Abin ya lalace ne sosai da zuwan haɗa rubutu ta hanyar haske da fim, daga shekarun 1950 zuwa gaba, lokacin da aka koma ɗaukar zane ɗaya ana zuƙo shi ko ana tsuke shi da madubi. Kwamfuta ta zo ta gaji wannan ɗabi'a. Yawancin Didot da Bodoni da suke cikin na'urorinku an kwaikwayo su ne daga manyan girma, domin su ne suka fi burge ido a littattafan samfur. Idan ka ɗauki irin wannan ka matse shi zuwa poyin 9, ba haruffan ne suka kasa ba, kai ne ka kai su inda ba a yi su domin wurin ba.

Malamar Tarihin Zane:
Allah ya ƙara lafiya, Baba. Zan ɗora a kan bayaninka ta fuskar asalin siffar, domin wanda ya san daga ina ta fito zai fi gane halinta.

Haruffan ɗab'i na farko a Italiya, na ƙarni na 15, sun bi sawun alƙalami mai faffaɗan baki, wanda ake riƙewa a ɗan karkace. Irin wannan alƙalami yana sa kauri ya sauya a hankali, kuma idan ka duba harafin o za ka ga wuraren da suka fi siranta ba su daidaita sama da ƙasa ba, sun ɗan jirkice. Daga baya aka koma rubutu da alƙalami mai tsini, wanda kaurinsa ba daga karkatarsa yake zuwa ba, daga dannawa yake zuwa: idan hannu ya sauko ya danna, bakin ya buɗe ya zubar da tawada mai yawa, idan ya haura ko ya ratsa sai ya bar ɗan siririn layi. Masu zane a farantan tagulla su ma sun saba wa idon mutane da layuka masu tsananin siranta. Wannan shi ne tushen siffar da muke magana a kai, inda kauri yake tsaye cak, kuma sauyawa daga kauri zuwa siranta take faruwa farat ɗaya.

Akwai matakai a tsakani. A shekarun 1690 Sarkin Faransa Louis na 14 ya sa aka tsara wa maɗaba'ar fada sababbin haruffa, inda kwamitin masana ya zana manyan haruffan a kan allo mai ƙananan gidaje 2304, Philippe Grandjean ya sassaƙa su, aka fara amfani da su a 1702. Sai John Baskerville a Birmingham ta Ingila, wanda ya fitar da littafinsa na farko a 1757, kuma bai tsaya a haruffa kaɗai ba: ya haɗa tawada mai tsananin baƙi, ya yi aiki da takarda mai santsi, yana kuma goge shafukan da ya buga tsakanin farantai masu zafi. Ba don wannan gyara na takarda da tawada ba, da siraran layukan ba su tsira daga injin ba.

Waɗanda suka kai abin ƙarshe su ne Firmin Didot a birnin Faris, tun daga wajen 1784, da Giambattista Bodoni, wanda ya karɓi ragamar maɗaba'ar fadar Parma ta Italiya a 1768 ya zauna a can har rasuwarsa a 1813. Matarsa ce ta kammala babban kundin samfurin haruffansa, ta fitar da shi juzu'i biyu a 1818. A Jamus kuma akwai Justus Erich Walbaum. Haruffan waɗannan mutane uku ba ɗaya suke ba, ko da yake Maximilien Vox, masanin haruffa na Faransa, ya tara su a aji guda a rabe-raben salon haruffa da ya yi a 1954. Didot ya fi tsauri, ƙafafunsa layuka ne miƙaƙƙu da suke haɗuwa da sanda ba tare da wani lanƙwasa ba. Bodoni na asali yana da ɗan sassauci a mahaɗar, kuma haruffansa sun fi ɗumi. Walbaum ya fi faɗi da buɗewa, shi ya sa ya fi sauran jure ƙaramin girma.

Abin da nake so mai tambaya ya riƙe shi ne, waɗannan mutane ba kanun talla suka zauna suna yi ba, littattafai sukutum suka buga. Pierre Didot, yayan Firmin, ya buga wasannin Racine a 1801 da haruffan ƙaninsa. Sai dai a dubi yadda suka buga su: manyan shafuka, haruffa masu girma, gefe mai faɗi, tazara mai yalwa tsakanin layuka, da takarda ta ƙwarai.

Editar Mujalla:
Malama ta taɓo abin da ni nake gani shi ne ainihin halin waɗannan haruffa, wato son sarari. Ba sa son cunkoso ko kaɗan. Kalma ɗaya mai haruffa biyar da aka baje a saman farin shafi, da hoto guda a ƙarƙashinta, tana da kwarjinin da babu wani salon da yake ba da irinsa. Amma da zarar an kewaye ta da akwatuna da launuka da ƙananan sanarwa, sai kwarjinin ya zube, ta koma abin tausayi.

Ba kuma haka kawai suka zama haruffan kwalliya ba. Alexey Brodovitch, wanda ya jagoranci tsara shafukan mujallar Harper's Bazaar daga 1934 zuwa 1958, ya yi amfani da su tare da farin fili mai yawa da hotuna masu ƙarfi, kuma Vogue ta tsayar da tambarinta a kan irin wannan salo tun 1955. Mujallun nan a kan takarda mai sheƙi ake buga su, irin wadda tawada ba ta nasowa a cikinta, saboda haka siririn layi yana fitowa tas. Ga kuma dacewa ta siffa: harafi dogo, tsayayye, mai tsananin baƙi da tsananin fari, yana tafiya da hoton baƙi da fari na mai tallar tufafi. Shekara da shekaru ana ganin su tare, har ido ya haddace cewa wannan siffa tana nufin tsada.

Da aka sake fasalin Harper's Bazaar a farkon shekarun 1990, Jonathan Hoefler ya zana mata Didot nata na musamman, kuma bai yi zane ɗaya ba. Ya yi shi girma bakwai, masu lambobi 6, 11, 16, 24, 42, 64 da 96, domin siririn layin ya riƙa fitowa da kauri kusan iri ɗaya ko a babban kanu ko a ƙaramin bayani. Wannan ya gaskata maganar Baba. Don haka ni ba zan ce wa mai tambaya ya ƙi buƙatar mai aikinsa gaba ɗaya ba. Zan ce ya nemi dangin da yake da girma-girma.

Mai Gina Shafukan Intanet:
Hajiya, ban musa tarihin ba, amma ina da ƙorafi na dabam. Tun da aka sa Playfair Display, wani salo mai kama da waɗannan, a rumbun haruffan Google kyauta a 2011, duk wanda yake son kayansa su yi kama da masu tsada sai ya ɗauko shi, har abin ya zama gama-gari. Siffar da kowa yake amfani da ita don ya ce shi na musamman ne, ta yaya za ta ci gaba da faɗin haka? Kuma su kansu manyan gidajen kwalliyar da ake kwaikwayo da yawansu sun gudu. Burberry ta sauya tambarinta zuwa haruffa marasa ƙafa a 2018, wasu ma sun yi irin haka a wannan tsakanin, kuma ɗaya daga cikin dalilan da ake bayarwa shi ne tambari ya fito sarai a ƙaramar fuskar waya.

Editar Mujalla:
Gaskiya ne, ɗan'uwa, amma ka tsaya a tsakiyar labarin. Burberry ɗin nan ta sake komawa haruffa masu ƙafa a 2023, bayan an yi ta kukan cewa tambura duk sun zama iri ɗaya. Zara kuwa, mai sayar da tufafi, a 2019 ta ƙara nutsawa ne cikin wannan salo, ta matse haruffanta huɗu har suna hawa kan juna. Ni ban so wannan matsi ba, domin yana cinye sararin da na ce su suke so, amma ya nuna cewa yayi yana zagayawa ne. Yawan amfani da abu ba daidai ba ba ya rage wa wanda aka yi daidai daraja.

Ɗalibin Lissafi:
Malamaina, ku ba ni dama in kawo wani misali da nake ganin ya saɓa wa ƙa'idar cewa ba a dogon karatu da wannan dangi. Haruffan Computer Modern da masanin kwamfuta Donald Knuth ya tsara wa manhajarsa ta tsara rubutu mai suna TeX daga wannan gida suka fito, domin ya kwaikwayo su ne daga wani salo na kamfanin Monotype mai suna Modern 8A, wanda aka buga littattafansa na farko da shi. Kaurinsu a tsaye yake, ƙafafunsu sirara ne, ga kuma ɗigon nan mai kama da ƙwallo a ƙarshen a da c da r. Duk da haka da su ake buga ɗimbin takardun bincike na lissafi da kimiyya, kuma mutane suna karanta shafi ɗari da su ba tare da sun koka ba. Shi ma Knuth ya yi su girma-girma, akwai na poyin 5, akwai na 10, akwai na 17. Shin wannan bai nuna cewa sabo ne yake yanke hukunci ba?

Tsohon Maɗaba'i:
Misalinka mai kyau ne, ɗana, sai dai ka ce ba a koka ba, alhali an koka. An daɗe ana cewa Computer Modern yana fitowa fayau, ba shi da jiki, musamman a allo da kuma injinan bugu na ofis masu fitar da layi siriri. Dalilin kuwa yana komawa ga darma. Lokacin da harafin ƙarfe ya danna takarda, tawada takan ɗan bazu zuwa gefe, kuma masu sassaƙa sun san da haka, saboda haka sukan rage kaurin ƙarfen da gangan don bazuwar ta cike. Wanda ya kwaikwayi siffar harafin ba tare da ya ƙara wannan bazuwar ba, zai samu harafin da ya fi abin da mutanen da suka karanta a takarda rama.

Tunda aikin mai tambaya na bugawa ne, bari in faɗi inda siririn layi yake mutuwa a maɗaba'a, domin na sha ganin gawarsa. Wuri mafi haɗari shi ne farin rubutu a kan hoto mai duhu. Duhun nan ba tawada ɗaya ba ce, tawada huɗu ce ake bugawa ɗaya bayan ɗaya, shuɗiya da ja da rawaya da baƙa, kuma farin harafin ba komai ba ne illa gurbin da dukansu huɗu suka bari. Idan faranti ɗaya ya goce da ɗan abin da ido ba ya gani, kaurin sanda zai jure, amma siririn layin zai cike da launi ya rufe. Sai ka ɗaga shafin ka ga kalma ta zama sanduna tsaitsaye, da ɗan jan inuwa a gefe guda. Haka kuma idan aka yi ƙaramin rubutu da launi mai haske, domin launi mai haske ɗige-ɗige ne, kuma layin da bai kai faɗin ɗigo biyu ba zai fito a tsittsinke. Takarda marar sheƙi tana shan tawada, tana ƙara wa baƙin layi kauri, wanda wani lokaci taimako ne, amma tana cinye farin layi. Idan kuma aka zo ga zinariyar da ake mannawa da zafi, ko leda da ake yankawa don allon talla, ko ɗinkin tambari a jikin riga, kowannensu yana da iyakar sirantar da yake iya ɗauka, kuma mai injin ya san iyakar nasa. A tambaye shi kafin a zana, ba bayan an gama ba.

Malamar Tarihin Zane:
Game da sabo da ɗalibinmu ya ambata, akwai labarin da yake goyon bayansa. A wata wasiƙa ta 1760, Benjamin Franklin ya ba Baskerville labarin wani mutum da ya ce haruffansa za su makantar da masu karatu saboda sirantarsu. Franklin ya ɗauko takardar samfurin haruffan Caslon, waɗanda mutumin ya saba karantawa duk rayuwarsa, ya yage sunan da ke sama, ya miƙa masa a matsayin na Baskerville. Mutumin ya shiga nuna aibobi harafi bayan harafi, yana cewa idonsa har ciwo yake yi. Saboda haka wani kaso na ƙyamar son zuciya ne. A ƙarshen ƙarni na 19 ma William Morris, mai zane kuma maɗaba'i a Ingila, ya yi wa haruffan Bodoni kaca-kaca, ya ce munana ne kuma ba sa karantuwa, amma shi mutum ne da ya ƙi jinin kusan duk abin da zamanin injuna ya kawo, kuma yawancin abin da yake gani a lokacinsa kwaikwayo ne marar inganci a kan takarda mai arha.

Duk da haka ba zan ce sabo ne kaɗai ba. Akwai abin da yake cikin siffar kanta. Idan sanduna masu kauri suka jeru a tsaye kuma abin da ya haɗa su ya yi rauni, layin rubutu yakan zama kamar haƙoran mataji, ido yana ganin tsaye-tsaye maimakon ya zarce gaba. Bugu da ƙari, bakunan haruffa irin su a da c da e da s a tsuke suke, kuma an daidaita faɗin haruffan da siffofinsu har sun yi kama da juna fiye da na tsohon salo, wato wanda ya bi sawun alƙalami mai faffaɗan baki. Wannan daidaito shi ne kyansu a kanu, kuma shi ne nauyinsu a shafi na hamsin. Masu buga jaridu da littattafan makaranta na ƙarni na 19 sun gane haka, shi ya sa suka karkata ga dangin da ake kira Scotch, wanda ya riƙe tsayuwar amma ya ƙara wa ƙafafu ƙarfi da lanƙwasa. Salon Miller na Matthew Carter, na 1997, daga wannan reshe yake.

A ɗaya gefen kuma, masu talla a Landan a farkon ƙarni na 19 sun ja siffar zuwa ƙarshenta, suka kumbura sandunan ninki-ninki suka bar siraran layukan yadda suke. Ana danganta farkon wannan da Robert Thorne. Waɗannan ba su da wata alaƙa da natsuwa ko tsada, ihu suke yi daga jikin bango. Ina faɗin haka ne don a san cewa bambancin kauri shi kaɗai ba ya haifar da kyau. Gwargwado ne yake haifar da shi.

Mai Zayyana:
Na gode ƙwarai, malamaina. To idan na samu dangi mai girma-girma, daga wane girma zan sauya daga zanen kanu zuwa na jiki? Idan kuma ban samu ba, da wane salo zan haɗa kanun?

Editar Mujalla:
Sau da yawa sunan yana faɗa maka. Kamfanin ITC ya fitar da Bodoni nasa a 1994 a girma uku, na 6 da na 12 da na 72, kuma wanda yake zuwa a kwamfutocin Apple da suna Bodoni 72 shi ne babban cikinsu, amma sai ka ga mutum ya rubuta wasiƙa sukutum da shi. Ni a aikina ba na sa zanen kanu ƙasa da poyin 24 a takarda, idan kuma fari ne a kan duhu ina ƙara sama da haka. Wannan ra'ayina ne, ba doka ba, kuma Baba zai ce a buga gwaji a kan ainihin takardar da za a yi aikin da ita, domin gani ya kori ji.

Wajen haɗawa, kada ka haɗa shi da wani mai ƙafa wanda yake jirkice irin na tsohon salo, domin za su yi ta gardama a shafi, ɗaya yana tsaye ɗaya yana karkace. Ka nemi marar ƙafa mai kauri bai ɗaya, wanda shi ma ginin tsaye gare shi, ko kuma ɗan dangin Scotch da Malama ta ambata. Manyan haruffa zalla suna son a ɗan buɗe tsakaninsu, ƙanana kuwa a babban kanu suna ɗaukar ɗan matsi, amma ba har ƙafa ta taɓa ƙafa ba. Ka ba layuka tazara fiye da yadda ka saba. Kada ka manta da karkatattun haruffansu da lambobinsu, domin a ganina nan ne kyan dangin ya fi fitowa. Lamba 2 ko 7 ta Didot mai cika rabin shafi ta isa ado ita kaɗai, ba ta bukatar wani zane a gefenta.

Mai Gina Shafukan Intanet:
A nan muna kusa da haɗuwa, Hajiya. Tun 2016 akwai tsarin haruffa masu sauyawa, inda fayil ɗaya yake ɗauke da zane-zane da yawa, kuma ɗaya daga cikin ma'aunansa shi ne na girman gani, wato wanda yake daidaita zanen harafi da girman da za a karanta shi. Bodoni Moda, wanda yake kyauta, yana da wannan ma'auni daga 6 zuwa 96, kuma manhajojin buɗe shafuka na yanzu suna iya zaɓar zanen da ya dace da kansu gwargwadon girman rubutun. Wato abin da mai sassaƙa yake yi da hannu ya dawo ta wata ƙofa. Fuskokin waya na yanzu ma sun fi na da yawan fiksel nesa ba kusa ba.

Inda har yanzu ban sauka ba shi ne batun masu raunin gani. Ƙa'idar da ake bi wajen sauƙaƙa shafukan intanet tana neman bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai 4.5 bisa 1 a rubutu na yau da kullum, amma launi kawai take aunawa, ba ta auna kaurin layi. Saboda haka rubutu yana iya cin wannan jarrabawa alhali dattijo mai hakiya ba ya ganin rabin kowane harafi. Bayanin da ya zama dole a karanta, kamar gargaɗi ko abubuwan da aka haɗa kaya da su ko ranar ƙarewar aiki, ni ba zan sa shi a wannan salo ba ko da wane girma aka zana.

Tsohon Maɗaba'i:
A kan wannan na ƙarshe ina tare da kai. Ƙari ɗaya gare ni ga mai tambaya, kuma ya shafi duk wanda yake rubutu da harshen da yake da haruffa ko alamomi na musamman. Kafin ka nuna wa mai aiki samfur, ka rubuta dukan haruffan da rubutun zai bukata, manya da ƙanana, ka duba ko salon yana da su. Da yawa daga cikin waɗannan haruffan kanu an zana su ne da iyakantattun baƙaƙe, babu ɓ da ɗ da ƙ a cikinsu, kuma idan manhaja ba ta samu harafi ba sai ta aro daga wani salon ba tare da ta sanar da kai ba. A ƙaramin rubutu wataƙila a yi sa'a ba a lura ba, amma a kanu mai poyin 72, baƙon harafi mai kauri bai ɗaya a tsakiyar kalmar Didot yana tsone ido daga nesa. Kada kuma ka yi ƙoƙarin manna lanƙwasar da hannu ta hanyar yanko wutsiyar wani harafi, sai idan ka san yadda kauri yake shiga siranta a wannan dangi, domin lanƙwasar ɗ dole ta fita daga sanda ta sirance sannan ta ƙare da ɗigo irin na f da r. Haka nan maɓallin nan na ƙara kauri, idan salon ba shi da nasa mai kaurin na asali, manhaja takan kumbura ko'ina daidai wa daida, sanda da siririn layi baki ɗaya, ta shafe bambancin da saboda shi aka zaɓi haruffan tun farko.